Dariyar da Ta Kashe Kasuwar Mma Hawa

Ban taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da Mma Hawa ta shigo ofishinmu da ludayin koko a hannunta ba. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin duba-gari tsakanin unguwannin Nima da Maamobi. An zage ni, an watsa mini ruwan wanke-wanke, wani mahauci ma ya taɓa rako ni har bakin titi da wuƙa a hannu, amma duk waɗannan ina ba da labarinsu ina dariya. Wannan kam ba na dariya. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuka gaji sashen wasan kwaikwayo, gara ku ji shi daga bakina kafin wani ya ba ku shi a karkace.

Lokacin ina mataimakin jami'in tsabtar muhalli, mataki ɗaya kacal sama da sabon ɗauka, amma in kun ga yadda nake goge kakina sai ku ɗauka ni ke riƙe da birnin. Mutanen unguwa tankas suke kiranmu. Aikinmu mu shiga gida-gida mu duba bayan gida, randar ruwa da wurin bola. In mun ga ƙazanta mu ba da takardar gargaɗi mai wa'adi, in wa'adin ya cika ba a gyara ba sai sammaci zuwa kotu. Masu sayar da abinci kuma sai sun yi gwajin lafiya a asibiti, mu ba su kati, ana sabunta shi duk shekara. Shugabarmu Madam Akweley ce, 'yar ƙabilar Ga, ba ta wasa da aiki, kuma Hausarta ta kasuwa ta fi ta wasunmu kaifi.

Abin da ya gagare mu shi ne babban gotan nan, wato magudanar ruwa, da ya ratsa tsakanin unguwannin biyu. Duk wanda ya zauna a nan ya san al'adar. Da hadari ya haɗu, sai ka ga an jera bokitai da ƙullin roba cike da shara da ƙazanta a bakin ƙofa. Ɗigon farko na sauka, kowa ya fito da gudu ya juye a gota, wai ruwa zai tafi da shi. Ruwan kuwa yana tafiya da shi, ya kai shi tsakar gidan mutanen da ke gangare. Sammaci ba ya aiki a nan. Wa za ka rubuta wa, a tsakiyar ruwa, mutum hamsin sun lulluɓe kai da buhu?

Madam ce ta ce tunda tsoratarwa ta ƙi, a gwada dariya. Ta ɗora mini aikin saboda ni ɗan unguwa ne, kuma, in ji ta, bakina ba ya hutawa. Na nemo Baba Tanko, wani tela a lungunmu, dattijo mai furfura wanda in ana biki yakan ɗaura zani ya kwaikwayi mata har matan su faɗi ƙasa don dariya. Ranar da na same shi a shago, ya cire allura daga baki ya ba ni darasin farko.

"Ofisa, in ka kira sunan mutum, faɗa ka saya," in ji shi. "Amma in ka nuna halinsa ba suna, shi da kansa zai yi dariya paa. Sai ya je gida ya kwanta, dariyan ya bi shi har kan katifa. A nan ne aikin yake ci."

Na ji maganar, ta burge ni, har na rubuta ta a bayan littafin sammaci. Muka tsara wasa a kan wata mai koko da muka sa wa suna Ladi Hadari. Tana cikin zuba wa mutane koko sai a yi tsawa, ta bar su da kofi a hannu ta ruga gida, ta ɗauko bokitin dare ta juye a gota, ta dawo ta goge hannu a zani ta ci gaba da zuba koko tana yi wa masu saye wa'azin tsabta. Abin da muke son a gani ke nan: mutum ya zubar da ƙazanta yana ganin ta tafi, alhali tana dawowa cikinsa da na maƙwabcinsa.

A gwaji na uku ne aka yi ɓarnar. Baba Tanko ya ga wasan bai yi gishiri ba, sai ya ɗauki ludayi ya buga a murfin tukunya sau uku, ya karkata kai, ya ja murya ya ce, "Ku zo kafin ya yi barci!" Duk wanda ke wurin ya kwashe da dariya. Ni ma har da riƙe ciki.

To, duk faɗin lungun masallacin Maamobi mutum ɗaya ce ke kiran masu saye haka: Mma Hawa. Shekara ashirin tana zama a gefen masallacin da tukunyar kokonta da tiren ƙosai, tana buga murfi sau uku, tana cewa a zo kafin koko ya yi barci, wato kafin ya huce ya daskare. Mijinta ya rasu, da wannan tukunyar take riƙe da jikoki uku. Kokonta nake aikawa a sayo mini kullum in sha kafin in wuce ofis. Ni na sa hannu a katinta, kuma na san a duk masu abincin yankina ba wadda ta kai ta tsabta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gane ba. Na gane sarai. Amma dariyar ta yi daɗi, ina son Madam ta ga wasana ya tayar da fili, sai na ce wa kaina ai ba mu kira suna ba.

Aka yi wasan ranar Asabar bayan la'asar, a filin wata makaranta, gab da faɗuwar manyan ruwaye. Fili ya cika, masu unguwanni a kujerun gaba, samarin bes-bes, masu zaman majalisa a lungu, sun hau katanga da kofunan shayin ataya. Da Baba Tanko ya buga murfin nan, ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Wani daga kan katanga ya ƙwala, "Mma Hawa!" Fili ya sake ruɗewa. Madam ta jinjina mini kai daga inda take. Na koma gida ina jin kaina a sama.

Kwana tara bayan haka ta shigo ofis. Ba ta yi ihu ba. Ta yi sallama, ta gaishe da Madam, ta zo gaban teburina ta ajiye ludayin a kan takardu, ta ɗora katin lafiyarta a gefensa.

"Ilyasu, wannan sa hannun wa ne?"

"Nawa ne, Mma."

"To ka duba hannuna." Ta miƙo su, ta juya ciki da baya. "Shekara nawa kana shan koko na? Cikinka ya taɓa ciwo? Yau kwana tara, tukunya ɗaya ba ya ƙarewa. Mai wucewa ya toshe hanci ya ce Ladi Hadari. Jikana ya dawo daga makaranta yana kuka, wai kakansa mai bokiti ne. Me na yi maka?"

Na fara cewa ba da ita muke ba, hali muke nufi, ba mutum ba. Ta dube ni irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ya girma yana ƙarya.

"Halin kowa ne, amma muryana kuka sa masa," in ji ta. "Kuma tunda gaskiya kake so, ni ma ina zubawa a gota. Duk gidanmu muna zubawa. Tashi mu je ka ga dalili."

Madam ta ce da ni da Turanci, a hankali, in ɗauki hulata in bi ta.

Gidan da take haya yana can cikin lungu, ɗakuna goma sha biyu kewaye da tsakar gida ƙarama. Ta kai ni wata ƙofa a kusurwa mai sabon fenti da labule. Ta ce nan ne bayan gidan da ta tarar lokacin da ta tare. Alhaji mai gidan ya cike ramin, ya shafe siminti, ya sa ɗan haya. Yanzu kowa sai ya je bayan gidan kuɗi na bakin titi, inda layi ke kaiwa har kwana tun asuba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da yara ƙanana uku, in ta matsa cikin dare, bokiti ne. Kwantenar bola kuma, wadda ofishinmu ya kamata ya sa a kwashe, ta cika ta tumbatsa tun kafin azumi, na wuce ta a hanyata ta zuwa gidan ina kawar da kai.

"Ka sa duniya ya yi mana dariya," ta ce. "Alhaji yana kujeran gaba ranan, shi ya fi kowa dariya. To ina za mu zuba, Ofisa? A kanka?"

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don na ga abin da na aikata da idona. Na ɗauki mutumin da aka matse har ya rasa mafita, na ɗora shi a fili aka yi masa dariya, wanda ya matse shi kuwa na ba shi kujera da ruwan sanyi.

Na koma na faɗa wa Madam komai, har da cewa na gane muryar tun a gwaji. Ta ce za ta rubuta mini takardar neman bayani, kuma ta rubuta, tana nan a fayil ɗina har na yi ritaya. Na roƙe ta ta bar ni in yi wasa na biyu, wannan karon a kan masu gidaje, da kuma mu kanmu.

"Mista Ilyasu, kai za ka tsaya gaban jama'a da kaki ka yi wa kaki dariya?" ta tambaya.

Na ce in ba mu fara da kanmu ba, ba wanda zai yarda ba mugunta ce ke sa mu wasan ba. Ta yi kwana biyu tana tunani, sannan ta yarda da sharaɗi ɗaya, wanda shi ne dokar da kuke bi yau ba ku san asalinta ba. Kafin a fitar da wasa, a kira mutum uku na unguwa, mace ɗaya aƙalla, su kalli gwaji. A tambaye su, "Wa ya zo muku a rai?" In sun ce "mu duka" ko "masu gida", a ci gaba. In bakinsu ya haɗu a kan sunan mutum ɗaya, a cire abin da ya kawo sunan, ko da shi ne ya fi ban dariya. A gwajin farko ma sai da muka cire wata jar hula da wani irin tari, don sun kawo sunan wani mai gida.

Baba Tanko, wanda shi ma abin ya hana shi sukuni, ya fito a mai gida yana nuna wa ɗan haya sabon ɗaki. Yana yabon ɗakin, wai ƙarami ne don kada mutum ya gaji da shara, wai warin da ake ji alamar ƙasa mai albarka ce, wai in ƙasan ya ɗan lotsa a tsakiya kada a damu, a sa katifa a gefe. Ɗan haya ya tambayi bayan gida, sai mai gida ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Allah ya kawo hadari." Ni kuma na shigo da kakina a goge, hankici a hanci, na tsallake tulin bola da ya kai ƙuguna kamar ban gan shi ba, na tsaya na rubuta wa wata tsohuwa sammaci saboda robar ruwa guda ɗaya a ƙofarta.

An yi dariya, amma ba irin ta farko ba ce. Ta farko kowa na nuna wani da yatsa. Wannan kuwa na ga dattawan kujerun gaba suna dariya suna gyara zama, wani yana share ido yana kallon takalminsa. Ba wanda ya kira sunan kowa. Bayan 'yan makonni aka kwashe kwantenar, don Madam ta ɗauki labarin wasan ta kai wa manyanmu, su ma ba su so a sake yinsa. Wasu masu gidaje kaɗan suka zo ofis da ƙafarsu suna tambayar yadda ake gina bayan gida a ƙaramin wuri. Ba duka ba, kada ku ji an ce mun gyara Nima. Amma abin da sammacin shekaru bai motsa ba ya ɗan motsa.

Mma Hawa fa? A nan ne na ƙara tafka kuskure biyu, duk da kyakkyawar niyya.

Na farko, da aka gama wasan na biyu na karɓi lasifika na ce ina ba Mma Hawa mai koko ta gefen masallaci haƙuri, Ladi Hadari ba ita ba ce. Rabin mutanen filin daga Nima suka zo, ba su ga wasan farko ba, ba su ma san da maganar ba. Ni na sanar da su. Washegari har daga nesa ake zuwa leƙenta.

Na biyu, na ƙudura zan riƙa tsayawa a wurinta kowace safiya ina shan koko a fili, don mutane su ga duba-gari da kansa ya amince da abincinta. Na manta abin da kaki yake nufi a idon unguwa. Duk inda aka ga tankas ya tsaya kullum a gaban mai abinci, to an kawo ƙararta ne, ana sa mata ido. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage suka janye. A rana ta biyar ta ce da ni, ba ta ko ɗago kai ba, "Ɗana, don Allah ka daina taimakona."

Na daina zuwa. Bayan ƙaramar salla na wuce ta gefen masallacin na ga wata mai wake da shinkafa a wurin. Na tambaya, aka ce Mma Hawa ta ɗauke tukunyarta, ta koma sayarwa wajen Kawukudi.

Sai da na yi wata uku kafin na iya zuwa. Na tafi ranar Lahadi da kayan gida, ba kaki. Na same ta kusa da mahaɗar, a inda motocin haya na trotro ke sauke mutane, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai lemo. Wurin ba inuwa, ga hayaƙin mota, kuma da tukunyar a ka take takowa tun daga Maamobi kowace asuba, da wannan gwiwar. Amma akwai mutane a gabanta, direbobi da 'yan kamasho, suna miƙa kofi. Na jira suka ragu na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta zuba mini koko ta ƙara ƙosai biyu. Na ba ta labarin cewa mai gidansu ya zo ofis, ya ce in ɗan hayan ya tashi zai mayar da ɗakin yadda yake. Na ce wurinta na da ma ana iya magana a mayar mata.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yara za su huta. Amma can kam na gama. Ko na koma, wanda zai sha koko na sai ya tuna bokiti." Ta rufe tukunya, ta rage murya. "Na yafe maka, Ilyasu, tun tuni. Amma a nan ba wanda ya san ni da wani suna sai mai koko. Kai kuma duk Nima an san fuskanka. Sha ka tafi, kada ka sake zuwa."

Na shanye, na yi godiya, na tafi.

Abin da nake son ku riƙe ke nan. Wasan dariya kayan aiki ne, kuma ya fi duk abin da ke cikin jakarku ƙarfi, don mutanenmu za su jure tara da kotu, amma ba sa jure a yi musu dariya a unguwa. In kun saita shi a kan hali, kowa zai ɗauki rabonsa ya tafi gida da mutuncinsa, ya gyara a ɓoye. In kun bari ya sauka a kan mutum ɗaya, sauran sun tsira ke nan, sun sami wanda za su nuna. Kafin ku sa a yi wa wani dariya, ku shiga gidansa ku ga ko yana da zaɓi, ku kuma duba wa ke zaune a kujerar gaba. Sammacin da aka rubuta bisa kuskure na sha zuwa kotu in janye shi, a yaga takarda, magana ta mutu. Dariya ba ta da ofishin da ake janye ta.

Hanyar gidana ta Kawukudi take bi. Shekara goma sha ɗaya na yi bayan wannan ina wucewa ta wurin safe da yamma. In trotro ya tsaya nakan hango ta ta taga tana zuba koko, in sunkuyar da kai har mu wuce. Ban taɓa sauka ba, don shi ne abu ɗaya da ta roƙe ni.